Tambaya da Amsa: Ɗaura Termosta a Gida da Haɗa Wayoyinta

Da zarar bazara ta kama, zafin Yamai ya haura digiri 40, wasiƙun da ke zuwa wannan fili sukan karkata ga kilim, wato injin sanyaya ɗaki, da kuɗin wuta. A wannan fitowa mun ware guda uku da suka shafi termosta, wato na'urar da ke auna zafin ɗaki, ta kunna injin sanyi ko na ɗumi, ta kuma kashe shi idan an kai matakin da ake so.

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ƙanena da ke zaune a Amurka ya aiko mini da termosta ta bango mai gilashi, irin wadda ake sarrafawa da wayar salula. A bayanta akwai ramukan waya masu haruffan R, C, W, Y da G. Ina da kilim sifilit, irin mai ɓangaren ciki da na waje, guda biyu, kowanne mai ƙarfin doki ɗaya da rabi. Yaron da ke yi mini gyaran wuta ya ce zai sa faz, wato wayar da ke kawo wutar gida, a R, ya sa nutar, wayar da wutar ke komawa ta cikinta, a C, mu ga abin da zai faru. Shin in bar shi? Daga wani magidanci, unguwar Bobiel, Yamai.

AMSA: Wa alaikumus salam. Malam, kada ka bar shi ya yi wannan gwaji ko sau ɗaya. Wutar da kamfanin NIGELEC ke kawowa gidajenmu bolt 220 ce, alhali na'urar da ke hannunka an ƙera ta ne don bolt 24 kacal. Idan faz ta shiga R, an ɗora mata ninki tara na abin da take iya ɗauka, kuma allonta zai ƙone nan take, ƙonewar da babu mai gyara ta.

Dalilin wannan bambanci yana cikin yadda ake gina gidaje a can. A Amurka da Kanada yawancin gidaje suna da inji guda babba wanda ke hura iska mai sanyi ko mai ɗumi ta cikin bututu zuwa kowane ɗaki, kuma a cikin injin akwai ƙaramar taransifoma da ke rage wutar gida zuwa bolt 24. Wannan ƙaramar wuta ce ke tafiya ta siraran wayoyi zuwa bango. Aikin termosta bai wuce na makunni ba. Wuta tana zuwa mata ta R. Idan ta haɗa R da Y, kwamfuresa, wato ɓangaren da ke matsa iskar gas a cikin injin, ta tashi a sami sanyi. Idan ta haɗa R da G, fanka ta juya. Idan kuwa R da W ta haɗa, injin ɗumi ne zai kama. Ita kuma C hanya ce ta komawar wuta zuwa taransifoma, kuma da ita termosta mai gilashi ke samun wutar da take rayuwa da ita dare da rana. Wannan ne ya ruɗi yaronka, domin R da C sun yi kama da faz da nutar, sai dai na ƙaramar wuta ne.

Kilim sifilit ba haka aka tsara shi ba. Termostarsa tana cikin jikinsa. Idan ka ɗaga murfin ɓangaren da ke cikin ɗaki, ka cire ragar tace ƙura, za ka ga wani ɗan abu mai kamar ƙwayar wake a maƙale gaban ƙarafan sanyi, kuma shi ne ke auna zafin iskar da ke shiga. Allon da ke cikin kilim yana karanta wannan awo, ya gwama shi da lambar da ka zaɓa a telekomand, wato rimot, sa'an nan ya yanke hukunci da kansa. Babu ramin Y ko G a jikinsa da za a sa waya. Idan kilim ɗin mai imbata ne, wato wanda kwamfuresarsa ke ƙara gudu ko ta rage maimakon ta tsaya cak, lamarin ya fi haka tsauri, domin ɓangaren ciki da na waje suna musayar saƙo ta wata waya ta musamman, kuma kowane kamfani da irin tsarinsa. Wasu kamfanoni suna sayar da ƙaramin allo mai shiga tsakani ga wasu samfurorinsu, amma sai an duba lambar samfurin kilim ɗinka kafin a san ko akwai nasa.

Akwai masu gyara da za su ce maka a sa taransifoma da kontakta, wato makunni mai ɗaukar wuta mai ƙarfi wanda termosta ke kunnawa, termosta ta riƙa yanke wa kilim wuta gaba ɗaya. Ban yarda da wannan dabara ga sifilit ba, domin daidai take da ka riƙa jawo wa injinka ɗaukewar wuta sau da yawa a kowane dare, kuma abin da ke gajiyar da allo da kwamfuresa ke nan.

Idan abin da kake so shi ne ka kunna kilim daga wayarka kafin ka iso gida, akwai ƙananan na'urori da ke kwaikwayon telekomand, suna aika umarni da hasken da ido ba ya gani, kuma ba a haɗa su da kowace waya ta kilim. Ka kuma duba telekomand ɗinka, domin wasu suna da nasu ma'aunin zafi da maɓallin da ke sa kilim ya bi zafin wurin da aka ajiye su, kamar gefen gado. Kyautar ƙanenka kuwa ka adana ta a kwalinta, tana da amfani ga mai irin injin da ke cikin tambaya ta gaba.

TAMBAYA: Mun kama hayar gida a unguwar Filato wanda wasu baƙi suka zauna a ciki shekaru da dama. Injin sanyinsa babba ne, yana hura iska ta rufi zuwa dukan ɗakuna. A falo akwai tsohuwar termosta mai zagaye, kuma ba ta kashe injin sai ɗaki ya yi sanyi ƙwarai. Ina so a sauya ta da sabuwa. Me ya kamata in sa ido a kai lokacin aikin? Daga wata uwargida, Yamai.

AMSA: Hajiya, wannan aiki ne mai yiwuwa, kuma kin yi daidai da kika nemi sanin abin da za ki lura da shi, domin yawancin ɓarnar da ake yi a irinsa gaggawa ce ke kawo ta. Kafin a sayi komai, a fara sanin irin wutar da ke zuwa bangon. A cire murfin tsohuwar termosta a duba. Idan wayoyin sirara ne, huɗu ko biyar, a ƙarƙashin haruffan R, Y, G da W, alama ce ta tsarin bolt 24, kuma mai aiki ya tabbatar da haka da multimeta, wato na'urar auna wuta. Idan kuwa wayoyin masu kauri ne, kuma an ga L da N, to wutar gida ce kai tsaye, irin tsarin da ya fi yawa a injunan Turai, kuma termostar da za a saya dole ta zama ta bolt 220.

Mu ɗauka tsarin bolt 24 ne. A kashe disjonkta ta injin, wato makunnin kariya da ke yanke masa wuta, ta ɓangaren ciki da ta waje, a sake aunawa a ga babu wuta. Kada a ce ƙaramar wuta ce ba ta kisa. Gaskiya ne ba za ta cuci mutum ba, amma idan wayar R ta taɓa C ko ta taɓa ƙarfe, fiyus ɗin allon injin, wanda yawanci na amper 3 ne ko 5, zai ƙone, wani lokaci ma taransifoma ce ke tafiya. Daga nan a ɗauki hoton wayoyin yadda suke, a manna wa kowace waya ɗan salatif a rubuta harafin ramin da aka ciro ta.

Ina so in daɗe a kan wannan batu na harafi, domin a nan ne ƙwararrun masu wutarmu ma ke faɗawa. A al'adar Amurka ja ta R ce, rawaya ta Y, koriya ta G, fara ta W, shuɗiya kuma galibi ta C. Masu aikinmu kuwa sun koyi sana'a a kan tsarin Faransa, inda shuɗiya nutar ce, mai kore da rawaya kuma wayar ƙasa. Wanda ya ga koriyar waya ya ɗaure ta a jikin ƙarfe da sunan wayar ƙasa, ya haɗa gajeriyar hanya ke nan, wato wuta ta zarce ƙarfe kai tsaye, duk lokacin da aka nemi fanka ta tashi. Ƙari a kan haka, gidan da ya daɗe yana hannun masu haya ya sha gyara, kuma mai gyara yakan yi amfani da wayar da ya samu a kasuwar Katako a ranar, ko wane launi ce. Saboda haka harafin da ke jikin tsohuwar termosta, tare da wanda ke jikin allon injin, su ne abin dogaro. Launi ba shaida ba ne.

Idan an kwance wayoyin, a naɗe su a jikin fensir don kada su zame cikin bango. A toshe ramin da suka fito da ɗan abin cikawa, domin iskar zafi da ke bi ta bututun waya daga rufi tana iya ruɗar na'urar ta ɗauka ɗakin bai yi sanyi ba. Wataƙila ma wannan yana cikin abin da ke damun tsohuwar. A fere bakin kowace waya kamar milimita 6 zuwa 8, a sa ta a raminta, a ɗaure, a ɗan ja ta a tabbatar ta kama. Wasu termostoci suna da Rc ta sanyi da Rh ta ɗumi maimakon R guda. Idan taransifoma ɗaya ce a injin, ana barin ɗan ƙarfen da ya haɗa su yadda yake, sai fa idan takardar na'urar ta ce tana haɗa su da kanta. Idan sabuwar tana bukatar C kuma babu ita a bango, a duba ko akwai wayar da aka naɗe ba a yi amfani da ita ba, a haɗa ta da C a allon injin. In babu, a ja sabuwar waya, ko a zaɓi termosta mai batir.

Batun ɗumi ba ya da nauyi a Yamai, inda ko a tsakiyar ɗari bargo ya wadatar, don haka kada ki damu idan ramin W ya zauna babu waya. Sai dai idan an ga waya a O ko B, injin irin wanda ke juya aikinsa ne ya ba da ɗumi, kuma dole a gaya wa sabuwar termosta haka a cikin saitinta. Idan aka zaɓi O a inda B ya dace, za ki nemi sanyi ya huro miki zafi.

Wurin ɗaurawa ya zama bangon ciki, kamar mita ɗaya da rabi daga ƙasa, nesa da taga, da ƙofar waje, da kicin, da talabijin, kuma ba a saitin bakin da ke huro sanyi ba. Bangon da ranar yamma ke duka daga waje yana riƙe zafi har dare, kuma termostar da ke jikinsa ba za ta bar injin ya huta ba. Bayan an mayar da wuta, a gwada fanka ita kaɗai tukuna, sa'an nan a nemi sanyi a jira. Yawancin sababbin termostoci suna jinkirta tashin kwamfuresa har kusan minti 5 don kare ta, kuma wannan jinkiri ba lalacewa ba ce.

Abu na ƙarshe ya shafi lafiyar iyali. Da yawa daga tsofaffin termostoci masu zagaye suna ɗauke da ƙaramar kwalba mai zaiba a ciki, wadda ke gangarawa ta haɗa wuta. Zaiba guba ce. Kada a fasa kwalbar, kada a jefa ta a shara inda za a ƙone ta, kada kuma a bar wa yara. A sa na'urar a cikin kwalba mai murfi a ajiye inda hannu ba ya kai wa.

TAMBAYA: Ina da kilim na taga a shagona. Termostarsa ta mutu, wani ya haɗa wayoyin kai tsaye, yanzu ba ya tsayawa har ƙanƙara take kama shi. Na sayi termosta ta bango ta bolt 220, an rubuta 16(4)A a jikinta. Zan iya bi da wutar kilim ta cikinta? Daga wani ɗan kasuwa, Tahoua.

AMSA: Alhaji, lambar da ke cikin baka ita ce taka. Amper 16 na kayan da ke ɗumama ne kawai, kamar hita, amper 4 kuma na kaya masu mota. Kilim mai doki ɗaya da rabi yana jan amper 5 zuwa 6 yana cikin aiki, kuma a lokacin tashi yakan ja ninkin haka sau huɗu ko biyar na ɗan lokaci. Bakin makunnin termostar zai narke ya manne, ka koma inda ka fito, in ma bai kama wuta ba.

Hanya mafi sauƙi da arha ita ce mai gyaran firigo ya samo irin termostar da kilim ɗin ya zo da ita, mai siririn bututu da ake shimfiɗawa gaban ƙarafan sanyi, ya mayar da ita gurbinta. Idan ka fi son ta bangon, a sa kontakta mai amper 20 ko 25 wadda naɗinta ke aiki da bolt 220, termosta ta riƙa kunna kontakta, ita kuma kontakta ta ɗauki nauyin kwamfuresa kaɗai, a bar fanka tana juyawa. A ƙara na'urar jinkiri ta aƙalla minti 3, domin kwamfuresar da ta tsaya tana bukatar matsin iskar gas ya daidaita kafin ta sake tashi, kuma wannan zai kare ta a ranakun da wuta ke ɗaukewa ta dawo nan take. Layin kilim ya zama na waya mai kaurin murabba'in milimita 2.5, da disjonkta tasa ta amper 16 ko 20, da wayar ƙasa. Wannan aiki na ƙwararre ne, domin kwandansa da ke cikin kilim, wato ɗan gwangwanin da ke tara wuta, tana riƙe wuta ko bayan an zare shi daga bango.

Idan an gama, ka saita ta a digiri 25 ko 26 ka haɗa da fankar rufi. Irin kilim ɗinka gudu ɗaya gare shi, saboda haka saita shi a 16 ba ya sa shago ya yi sanyi da wuri, sai dai ya hana kwamfuresa hutawa, ƙanƙarar ta dawo, kuɗin wuta kuma ya ƙaru.