Yaya, ga amsar tambayar da ka yi min a zaure

Assalamu alaikum Yaya. Na sauka lafiya, sanyi ya tarbe ni tun daga ƙofar jirgi. A gaida min Inna da mutanen gida.

Ranar da muka zauna a zaure bayan la'asar ka jefo min tambaya biyu a gaban baƙi: shekara ashirin da ɗoriya me nake tsinanawa a Jamus, kuma mu da muke zaune a nan har yanzu Hausawa ne ko mun narke? Dariya na yi, don ƙani ba ya ja-in-ja da wansa a bainar jama'a. Amma maganar ta biyo ni har cikin jirgi.

Da na ce muku iska nake aunawa, ba zolaya ba ce. Akwai wani sinadari, jamaniyam. Sunan ƙasar nan ya ci, domin wani Bajamushe, Clemens Winkler, ne ya gano shi a garin Freiberg a 1886, cikin wani dutse da aka haƙo daga ramin azurfa. Tun kafin nan Mendeleev, masanin kimiyya na Rasha, ya bar masa gurbi a jadawalinsa na sinadarai ƙarƙashin silikon, ya ce yana nan, ba a dai gan shi ba tukuna. Idan ƙwayar jamaniyam ɗaya ta riƙe haidurojin huɗu, sai a sami iskar gas marar launi, GeH4. Tana kamawa da wuta, kuma guba ce mai farfasa jajayen ƙwayoyin jini. Tukunyarta a kabad mai zuƙe iska take, ga ƙararrawa a bango. Da ita ake shimfiɗa siririn jamaniyam a kan faifan silikon, irin da ke shiga wasu kayan cikin wayar hannu.

Nawa aikin shi ne na saki 'yar kaɗan cikin akwatin ƙarfe da aka zuƙe iskarsa, na harbe ta da ilektiron, wato ƙananan ƙwayoyin lantarki. Sai ta tarwatse. Wata ƙwayar ta fito tsirara, wata da haidurojin ɗaya, wata biyu, wata uku, kowacce ɗauke da caji. Mai huɗun da wuya ta tsira. Masu cajin nan muke tsarewa a wani tarko da ƙarfin lantarki ke riƙe su a tsakiyarsa ba tare da sun taɓa bango ba. A Bonn Wolfgang Paul ya ƙirƙiro tarkon, har ya samu kyautar Nobel a 1989. Kafin ƙiftawar ido sai ka ga mai caji ta cafke wata GeH4 da ba a taɓa ba, sun manne, sun tofar da haidurojin, jamaniyam biyu sun dunƙule. Ka ƙara musu lokaci, su jawo ta uku. Ka san yadda gari ke yin gudaji in mai tuƙin tuwo ta yi sakaci da muciya? To haka. A masana'anta gudajin nan kan girma ya zama ƙura, ya zubo kan faifai ya ɓata aiki. Shi ya sa ake son sanin wace ƙwaya ce ke fara tsokanar, kuma da wane sauri.

Abin da ya sa min furfura da wuri kuwa, jamaniyam nauyinsa iri biyar ne: 70, 72, 73, 74 da 76. Ita kuwa na'urar da muke awo da ita, nauyi kawai take gani, kowane nauyi da layinsa. A kan layin 74 za ka tarar da mai 74 tsirara, da mai 73 riƙe da haidurojin ɗaya, da mai 72 riƙe da biyu, duk sun cunkushe wuri guda kamar fasinjojin a-daidaita-sahu. In biyu suka haɗu, layukan su bazu tun daga 140 kamar haƙoran mataji. Shekarata ta farko na shafe mako uku ina lissafi a kan abin da ba shi ba. Daga nan na koyi ware mai 70 ita kaɗai, don a layinta babu mai raɓa da ita.

Kai ma irin na'urar nan ka auna mu da ita, Yaya. Ka ji Hausar 'yata ta karkace, ka yanke hukunci.

Eh, ƙofa "kofa" take cewa. Ta ce wa Inna "ina kwana" da magariba, yaran gida suka kwashe da dariya, wani har ya ɗauke ta a waya. Daren nan ta yi kuka a ɗaki, ban gaya maka ba. Amma wa ya durƙusa har ƙasa ya gaida Inna, ita ko su? Naka yaran a tsaye suke gaisuwa, ido a kan waya, kuma kafin su kai ƙarshen magana sun cusa Turanci sau uku, ba wanda ya ce sun narke. A cikinmu nan akwai mutanen zangon Kumasi, kakannin kakanninsu suka je Gana fataucin goro. Mace ma "ya zo" suke ce mata. Je ka ce wa ɗayansu ba Bahaushe ba ne ka ga ikon Allah.

Ba mu da yawa, kuma a warwatse muke. Duk da haka in Sallah ta zo mukan kama zaure haya, Bakano da Badamagare da ɗan zango, kowa da kular abincinsa. Muna da asusu, kowane wata ana zubi, saboda ranar da wani zai faɗi ya mutu. Wasu sun bar wasiyya a kai su gida, wasu sun ce inda ƙasa ta kira nan ne. Ni har yau ban yanke ba. In an yi haihuwa ana suna, ko da rago sai an aiko muku kuɗi kun yanka a Kano.

Sai maganar uwar yara. Shekara goma sha tara da aure, har yanzu "Baturiyar nan" kuke ce mata. Ita ce fa ta riƙa tuna min kuɗin maganin Baba duk ƙarshen wata lokacin jinyarsa. Wata 'yar Maraɗi ta koya mata tuwo da garin semolina, miyar kukarta ba ta kai ta Inna ba, amma ba za ka ture kwanon ba. Da a Kano na auro 'yar Barebari ko Bayarabiya, da tuni an daina maganar. Ba na ce komai daidai yake ba. Ɗan autana ina yi masa Hausa yana mayar min da Jamusanci, kuma abin yana ci min rai fiye da yadda kake zato. Laifin nawa ne, ina can ina gadin tarko har dare lokacin da bakinsa ke buɗewa.

Wani lokaci in ina jiran na'ura ta gama zuƙe iska, Baba nake tunawa a marinar Ƙofar Mata. Yadda zai tsamo zane daga rijiyar baba kore-kore, ya ɗaga shi sama, iska ta buge shi ya rikiɗe shuɗi muna kallo. Na tambaye shi dalili, ya ce iska ce ke ƙarasa rini. Sai da na shiga jami'a na gane gaskiya ya faɗa, iskar oksijin ce ke juya sinadarin. Da yana raye da shi zan fara yi wa bayanin gudajin nan, kuma na san ba zai yi dariya ba.

Akwai mai tahowa wata mai zuwa, zan turo maka lambarsa. A ba shi kuka da daddawa da kuɓewa busasshiya. Kada a sa kilishi, kwastan ɗin nan ba sa barin nama ya shigo. Sannan don Allah ka riƙe wa Inna waya ta yi wa jikarta saƙon murya, ko gaisuwa ce kawai. Wanda ta yi mata bara har yanzu tana kunnawa tana maimaitawa.