Kano zuwa Damagaram a babur cikin bazara: zai yiwu?

Ɗan'uwa, ka ce kana son hawa babur daga Kano zuwa Damagaram a watan Afrilu, ka kuma tambaya ko kai da injin za ku jure. Zai yiwu, amma ranar hanyar nan ba ta da wasa, zafi yakan wuce digiri 40.

Ka tashi da an sallame asuba, ta Kazaure da Daura, ka tsallaka iyakar Najeriya da Nijar a Kwangwalam kafin rana ta take. In azahar ta riske ka a hanya, nemi gindin bishiya har la'asar.

Kuskuren da aka fi yi shi ne sa 'yar shimi wai don a sha iska. Iskar bazara busar da gumi take yi, jiki na ƙonewa ba ka sani ba. Sa riga mai dogon hannu, ka jiƙa ƙyalle ka ɗaura a wuya, hular kwano kuwa dole. Riƙa kurɓar ruwa tun kafin ƙishi, da ɗan haɗin gishiri da sukari.

Bakanike ya sauya baƙin mai, ya duba sarƙa da birki. Iskar taya da sanyin safiya ake auna ta.

Jiri ko ɗaukewar gumi, tsaya nan take, a nemi asibiti. Mai hawan jini ko ciwon suga ya fara ganin likita. Batun takardun babur, tambayi jami'an kan iyaka kafin ranar tafiya.