Darwin da Masu Cewa a Saki Kasuwa: Jirgi Ɗaya Ya Kwaso Su?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗalibin kimiyyar siyasa ne, gardama ce ta ƙi ƙarewa a ajinmu. Wani yace duk wanda ya yarda da ka'idar juyin halitta ta Darwin to dole ya yarda mai ƙarfi ya danne mara ƙarfi, dan haka bata jituwa da ra'ayin su John Locke da Adam Smith na 'yancin mutum da taƙaita ikon gwamnati. Wani kuma yace a'a ai duk abu ɗaya ne, gasa a daji gasa a kasuwa. Dan Allah wa ya fi gaskiya?
Daga wani ɗalibi, Zariya

AMSA: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Maganar ko ka'idar ta dace da addini ba ita ka tambaya ba, wannan na malamanta ne, mu tsaya kan naka.

Abokinka na biyu ba banza yake magana ba. Darwin da kansa ya faɗa cewa a 1838 ya karanta littafin Thomas Malthus kan yadda jama'a ke yawa fiye da abinci, daga nan tunanin gasar rayuwa tsakanin halittu ya faɗo masa, kafin ya fitar da nasa littafin a 1859. Kuma akwai kama da abinda Adam Smith ya rubuta a 1776, wato tsari yana iya fitowa ba tare da wani ya zauna ya tsara ba. Kaje Dawanau ka gani, ba wani ofis da ke cewa buhun gero kaza zai shigo yau, manomi na neman nasa ɗan dako na neman nasa dillali ma haka, amma kaya na isa inda ake buƙata. Friedrich Hayek, wanda ya samu kyautar Nobel a 1974, akan wannan ya gina hujjarsa, yace kasuwa da doka da al'ada a hankali suka ginu ta gwaji, abinda ya yi aiki shi ya ɗore.

Sai dai fa kowa ja yake. Karl Marx a wata wasiƙa ga Engels a 1862 tsokana ma ya yi, wai Darwin al'ummar Ingila ya hango cikin dabbobi da tsirrai. Alfred Wallace, wanda shi ma ya gano ka'idar kamar Darwin, daga baya ɗan gurguzu ya zama. Kropotkin ɗan Rasha kuma a 1902 cewa ya yi taimakon juna ne ke raya halittu. Ka'idar da ɗan jari hujja da ɗan gurguzu duk suke cewa tasu ce, kaga ai bata yanke hukuncin siyasa ba kenan.

Na farkon shi ne na fi ganin ya zame. Kalmar nan ta "wanda ya fi dacewa shi ke rayuwa" ta Herbert Spencer ce a 1864, Darwin ara ya yi daga baya, kuma dacewa da muhalli ake nufi ba ƙarfin damtse ba. Sannan tun kafin a haifi Darwin, David Hume ya ja kunne cewa faɗin yadda abu yake daban ne da faɗin yadda ya kamata ya zama. Shi Darwin ɗin a littafinsa na 1871 ya ɗauki tausayi a matsayin mafi daraja a ɗabi'ar ɗan Adam. Eh, an yi ta'asa da sunan ka'idar, ba musu. Francis Galton ɗan'uwan Darwin ya kawo tunanin tace iri na mutane, har a 1927 kotun ƙolin Amurka ta halatta yiwa wasu aikin hana haihuwa da ƙarfi, sama da mutum 60,000 abin ya shafa. To amma wa ya yi wannan aikin? Gwamnati ce ta shiga jikin mutum ba izininsa, ainihin abinda su Locke suka tashi yaƙa.

Inda gizo ke saƙar wani wuri ne daban da su biyun basu taɓo ba. Locke a 1689 da yace mutane daidai suke kuma ba mai ikon cutar da wani, dalilinsa shi ne dukkansu halittar Ubangiji ɗaya ne, mallakinSa ne. Wanda ya ɗauki Darwin ya kuma ajiye wannan dalilin gefe, dole ya nemo wani tushe na daidaito, dan ilimin halitta shi kaɗai bambanci yake nuna maka, wannan dogo wancan gajere. John Stuart Mill ya gwada, a dai shekarar 1859, ya kafa 'yanci akan amfanin da yake jawowa jama'a. Matsalar ita ce ranar da wani ya kawo lissafi cewa danne tsiraru ya fi amfani, me zaka ce masa? Wannan tambayar zaka kai musu aji.