Na baro Batsari na dawo Katsina: shin sabuwar rajistar zaɓe zan yi?

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Matsalar tsaro ta raba mu da ƙauyenmu a ƙaramar hukumar Batsari, yanzu ina zaune da 'ya'yana a Ƙofar Ƙaura cikin birnin Katsina. Katin zaɓena na can ne, kuma ba na jin zan iya komawa ranar zaɓe. Wani mai tara wa 'yan siyasa mata a unguwarmu ya ce tsohon katin ya mutu, in je in yi sabo, in ce ban taɓa yi ba. Ina tsoron rasa ƙuri'ata, ina kuma tsoron faɗawa cikin laifi. Me ya kamata in yi?

Amsa: Wa alaikumus salam. Hajiya, Allah ya mayar muku da alheri, ya kawo mana ƙarshen wannan musiba. Kada ki sake rajista. Abin da ya dace da ke shi ne sauyin rumfa, wato ki je ofishin hukumar zaɓe ta INEC na ƙaramar hukumar Katsina a lokacin da rajista take buɗe, ki tafi da katinki, ki cike takardar neman a mayar da sunanki rumfar da ta fi kusa da gidan da kike zaune. Ana iya fara neman ta shafin intanet na hukumar, kuma ba a biyan ko sisi. Dokar Zaɓe ta 2022 ta ce a miƙa irin wannan buƙata aƙalla kwana 90 kafin zaɓe, don haka jinkiri ba naki ba ne.

Maganar da wannan mutum ya faɗa miki kuwa, ita ce cutar da na fi cin karo da ita a wannan aiki, kuma ta ishe ni. Katin zaɓe na dindindin ba ya mutuwa. Wanda ya yi rajista tun 2011 sunansa na nan a kundin masu zaɓe, ko ya ƙaura, ko katin ya koɗe, ko ya ɓace a lokacin gudun hijira. Katin da ya ɓace ko ya lalace neman madadinsa ake yi, ba a komawa layin sababbi. Masu yaɗa wannan jita-jita suna magana kamar har yanzu muna zamanin da ake rubuta suna da biro a littafi, alhali a yau duk wanda ya zauna gaban na'urar rajista ana ɗaukar zanen yatsunsa da hoton fuskarsa, sannan a gwada su da na kowane mutum da ke cikin kundin ƙasa baki ɗaya. Ki canza suna, ki rage shekaru, ki ɗaura wani gyalen daban, yatsunki dai su ne waɗanda aka ɗauka a Batsari.

Abin da ke biyo baya shi ne abin takaicin. Ma'aikacin da ke gaban na'urar ba lallai ya gane a take ba, zai ba ki 'yar takardar shaida, ki naɗe ta a bakin zane ki koma gida da murna. Sai daga baya, lokacin tace kundi, na'urar tantancewa ta gano cewa mutum ɗaya ya bayyana sau biyu, a soke sabuwar rajistar a bar tsohuwar a inda take. Na sha ganin dattijai mata sun yi layi tun da hantsi a bakin ofishi, takardar nan a hannu ta yi laushi saboda gumi, ana ta juya akwatunan kati ana neman wanda ba a taɓa bugawa ba, kuma a lokacin wa'adin sauyin rumfa ya riga ya wuce. A rajistar da aka rufe a 2022, mutum 12,298,944 ne suka kammala a matsayin sababbi a faɗin ƙasar, amma hukumar ta soke 2,780,756 daga ciki, kuma maimaita rajista na cikin manyan dalilan. Ban da asarar ƙuri'a, sashe na 12 na dokar ta 2022 ya sa yin rajista fiye da sau ɗaya laifi ne mai tarar da za ta iya kai naira 100,000, ko ɗaurin da bai wuce shekara ɗaya ba, ko duka biyun. Shi mai tara matan burinsa ya kai wa ubangidansa dogon jerin sunaye ya karɓi na goro, kuma in magana ta tashi ba sunansa ne a takardar ba, naki ne. Idan ya nemi ya riƙe miki katin ko ya kwafi lambarsa da sunan tallafi, ki hana shi, domin saye da sayar da katin zaɓe shi ma laifi ne a doka.

Ba zan wanke hukumar ba. Mutanen da aka kora daga Batsari da Jibiya da Safana sun cancanci a bi su unguwannin da suka sauka a yi musu bayani da Hausa, maimakon a bar su da sanarwar da ba ta isa kunnensu, domin wannan giɓin ne 'yan kanzon kurege suke cikewa. Jihar da ta shiga zaɓen 2023 da masu rajista 3,516,719 a ƙananan hukumomi 34 ba za ta wadatu da takardar da aka manna a bangon ofis ba.

Ki kuma san abin da sauyin zai taɓa. Ƙuri'arki ta shugaban ƙasa da ta gwamna ba za su canza ba, haka ta sanata, tunda Batsari da Katsina duk suna shiyyar Katsina ta Tsakiya. Amma ɗan majalisar wakilai da ɗan majalisar dokokin jiha za su zama na Katsina, haka shugaban ƙaramar hukuma da kansila, saboda hukumar zaɓe ta jiha, KTSIEC, da kundin INEC take aiki. Idan kina da niyyar komawa gida nan kusa, ki auna wannan kafin ki cike takardar. Idan kin yanke shawarar sauyawa, ki duba sunanki lokacin da aka kafe jerin masu zaɓe a mazaɓarki, sannan ki je da kanki ki karɓi sabon katin, domin ba a ba wa ɗan aike.