Da Baba ya miƙe sai jiri ya kwashe shi

Tambaya: Likita, mahaifina shekararsa 70. Da ya miƙe sai jiri ya kwashe shi, idonsa ya yi duhu. Makon jiya cikin dare ya faɗi a hanyar banɗaki. An ce jininsa ke sauka in ya tashi. Hankalina a tashe yake, me za mu yi a gida?

Amsa: Allah ya ba Baba lafiya, 'yar'uwa. In mutum ya miƙe, jini rabin lita ko fiye yakan gangara ƙafafu da ciki. Aikinku shi ne taimaka wa jinin ya koma sama.

Kada Baba ya zabura daga kwance. Ya fara motsa tafin ƙafarsa sama da ƙasa kamar sau 20, ya zauna bakin gado minti 1 zuwa 2, sannan ya tashi yana dafe da wani abu. In jiri ya fara, ya harɗe ƙafafu, ya ɗaure naman cinya da ɗuwawu da ciki na daƙiƙa 30, amma kada ya riƙe numfashi, don yunƙuri ƙara saukar da jinin yake. In bai lafa ba ya tsuguna ko ya kwanta nan take. Shan ruwa rabin lita a tashi ɗaya yakan ɗaga jinin cikin minti 10, in dai ba a taƙaita masa ruwa ba saboda zuciya ko ƙoda. A ɗaga ƙafafun gado ta wajen kai da santimita 15.

Abin da ke ci mini rai shi ne yadda ake yi wa wanda ya sume. Sai a taru a ciccibe shi, a zaunar da shi, wani na ɗura masa ruwa. Haba! Faɗuwar nan ita ce dabarar jiki ta mayar da jini ƙwaƙwalwa. Kun tallafe shi a zaune, kun hana jinin hawa, suman ya tsawaita, har ya fara fizge-fizge a ce farfaɗiya ce. Ruwan da aka ɗura kuwa huhu zai iya wucewa, don sumamme ba ya haɗiya. Masu cewa a murza masa gishiri a baki, a ina suka koyo? Ku bar shi kwance, ku ɗaga ƙafafunsa, ba abin da zai shiga bakinsa sai ya dawo hayyacinsa sarai.

In ya wuce minti 1 bai farfaɗo ba, ko ya bugu a kai, ko akwai ciwon ƙirji ko baƙin kashi, asibiti kai tsaye. Ki kuma tattara duk magungunansa ki kai wa likitansa, musamman na hawan jini da na sa fitsari da na kumburin prostate (ƙullin da ke ƙarƙashin mafitsarar maza), amma kada ya daina ko ɗaya da kansa.