Fanel ɗin da za ka ɗora wa sabarka

Ƙanena, jiya da muna rufe shago a Ikeja ka tambaye ni: "Oga, tunda na kama sabar da ba a haɗa ni da kowa ba, wane fanel zan sa mata, cPanel ko na kyauta?" Na ce ka bari sai na zauna, don amsar ba ta tsaye ba ce, ga kuma magariba ta kawo kai. To ga ta. Ka dai san saba ita ce kwamfutar da ke ɗauke da shafukan intanet, fanel kuma shi ne allon da ake sarrafa ta da shi.

Kafin mu zo kan suna, ka san abin da ka ɗauka. Da kana hayar ɗaki ne a gidan wani, rufi ya yi yoyo ka kira mai gida. Yanzu gidan gaba ɗaya a hannunka yake. Kamfanin da ya ba ka injin zai kula da wuta da sanyaya ɗaki da layin intanet, in faifai ya mutu ya canja. Abin da ke cikin injin kuwa, daga sabunta manhaja har toshe ƙofofi, kai ne. Fanel yana sauƙaƙa maka buɗe shafi da imel da rumbun bayanai, amma ba ya ɗauke maka gadin dare. Na ga yara da yawa a nan Computer Village sun ɗauka da zarar sun ga allon ya buɗe da kyawawan maɓallai, aiki ya ƙare.

cPanel shi ne wanda kowa ya sani, kuma wannan sanin kuɗi ne. Ka ba mai makaranta a Agege ko ɗan kasuwa a Mile 12 akawun, yaron da ke gina masa shafi ya riga ya san inda komai yake, ba zai kira ka ƙarfe goma sha ɗaya na dare ba yana neman inda ake buɗe imel. Kai kana shiga ta WHM, wato ɓangaren mai gida, a ƙofa ta 2087, su kuma ta 2083, kowa da iyakarsa. In kwastoma ya taso daga wani kamfani mai cPanel, kwaso kayansa ba ya cin rabin awa idan shafin ba babba ba ne. Ban taɓa raina shi ba.

Matsalarsa farashi. A 2019 suka daina karɓar kuɗi ɗaya kan kowace saba, suka koma lissafi bisa yawan akawun, kuma tun daga lokacin ƙari ake yi. Ga abin da ya shafe ka kai tsaye: ƙananan lasisin nan masu sauƙin kuɗi da ka gani na sabar da aka yanka ce, wato VPS. Injin ƙarfe sukutum irin naka babban lasisi ake sa masa, wanda ya ƙunshi akawun 100, ko da kwastomominka 14 ne kamar yadda ka faɗa mini. Da dala ake biya, wata-wata. Ka tuna farkon 2023 dala tana wajen naira 460 a farashin gwamnati, a 2024 ta haura 1,500. Kwastomanka ya biya ka naira a watan Janairu na shekara guda, kai kuma kana sayen dala sau goma sha biyu. Ɗauki biro ka raba kuɗin lasisin gida 14, ka ga abin da ya hau kan kowane mutum kafin ma a zo hayar injin. In lissafin bai fita ba, kada ka ce Allah zai kawo kwastomomi daga baya. Zai kawo in ya so, amma lasisin ba ya jira.

Plesk da cPanel gida ɗaya suke yanzu, ƙarƙashin WebPros. Amfanin Plesk shi ne yana hawa Windows, kuma kayan aikinsa na WordPress, manhajar gina shafi, masu kyau ne. Ba ka da kwastoma mai buƙatar Windows, saboda haka mu wuce.

Da ni ne a matsayinka, DirectAdmin zan sa. Shi ma na kuɗi ne, amma bai kai cPanel tsada ba, ba ya cin ƙwaƙwalwar inji sosai, kuma yana da matakai uku da kake buƙata: mai gida, dillali, da mai akawun. Ta ƙofa ta 2222 ake shiga. Yana iya karɓar kwafin ajiyar da aka ɗauko daga cPanel, sai dai ka duba imel ɗin kowa da idonka bayan ƙaura. Kwastoma zai ɗan yi ƙorafi a makon farko don fuskar ba wadda ya saba ba ce, daga nan ya manta.

Na kyauta fa? Akwai nagartattu. HestiaCP yana zama a kan manhajar inji ta Debian ko Ubuntu, mara nauyi ne, ni kaina a kansa na ɗora shafukana. Virtualmin tsohon hannu ne, ya daɗe a fagen. Sai dai na kyauta, in ya lalace, babu wanda za ka buga wa waya. Kai da baƙin allon rubuta umarni ne, da abin da ka iya. A watan Oktoban 2024 an gano ɓaraka a CyberPanel, wani fanel na kyauta, cikin 'yan kwanaki masu kutse suka kulle dubban sabobi suna neman kuɗin fansa. Waɗanda suka bar ƙofar fanel a buɗe ga duk duniya su suka fi shan wuya. Irin wannan na iya samun kowane fanel, har na kuɗi. Abin da nake so ka gani shi ne, ranar da aka fitar da gyara, a ranar ake sa shi, kuma kai har yanzu in Apache, manhajar da ke fito da shafuka, ya ƙi tashi sai ka neme ni. Ka koyi na kyauta a kan ƙaramar saba ta gwaji, ba a kan abincin mutane ba.

Abu ɗaya ne na hana ka, kuma ba na son mu sake maganarsa: lasisin bayan fage. Za ka ga masu tallar cPanel a WhatsApp kan 'yan dubban naira, su ce ka manna umarni ɗaya a baƙin allo shi ke nan. Umarnin nan da ikon mai gida yake gudana, wato ka miƙa wa mutumin da ba ka taɓa gani ba mabuɗin kowane ɗaki. Shekarun baya wani abokin sana'a ya kawo mini sabarsa, wata biyu da sa irin wannan. Muka buɗe layin imel masu jiran fita, sai ga saƙonni tuli na damfara, babu ko ɗaya na kwastomominsa. An riga an sa adireshin injin a baƙin littafi, Gmail yana mayar da duk abin da ya fito daga can. Cikin waɗanda abin ya shafa har da wani Alhaji mai shigo da kaya ta Apapa, takardunsa suka ƙi isa wurin wakilinsa kwana huɗu. Goge injin muka yi gaba ɗaya. Alhajin bai dawo ba, kuma ya tafi da mutum uku.

Duk wanda ka zaɓa, a kan inji fes ake ɗora shi, kafin komai. cPanel ma ba shi da hanyar cirewa, sai dai a sake zuba manhajar injin daga tushe. Saboda haka yau ne ranar shawara, ba bayan ka kwaso mutane ba. Wajen manhajar inji, kada ka sa CentOS 7 don ka ga tsofaffin darussa suna ambatonsa, an daina kula da shi tun 30 ga Yunin 2024. Sa AlmaLinux, cPanel da DirectAdmin duk suna zama a kansa. Ka kunna Let's Encrypt ya riƙa sabunta takardar tsaro da kansa, ka sa tantancewa mai mataki biyu, ka taƙaita shiga ɓangaren mai gida.

Sai kwafin ajiya. Kwafin da ke kwance a faifan injin da kake tsoron ya mutu ba ajiya ba ne. Ka tura shi wani wuri daban kowane dare. Kuma ban yarda da kwafi ba sai na ga an mayar da shi ya tashi.

Ranar Asabar bayan azahar ka zo shago da kwamfutarka. Za mu sa DirectAdmin a sabar gwaji, ka buɗe akawun ɗaya, ka ɗora masa WordPress da imel biyu. Ni zan goge shi a gabanka, kai kuma ka dawo da shi daga ajiya ina kallon agogo. In ka yi shi ƙasa da minti talatin ba tare da ka waiwayo ni ba, ranar Litinin sai mu fara kwaso mai makarantar nan na Agege, tunda su suna hutu.