Tambaya da Amsa: Za mu tafi Kumasi, in koyar da yara a gida?

TAMBAYA: Gwaggo, barka da aiki. Maigidana ya samu aikin shekara ɗaya a Kumasi ta ƙasar Gana, kuma yana so mu tafi gaba ɗaya. Yaranmu uku: babbar za ta shiga aji biyar na firamare, mai bi mata aji uku, autan bai fara ba. Shi ra'ayinsa in koyar da su a gida tunda na yi karatun malanta, don mu samu sararin zagaya ƙauyuka da dazuzzukan can. Hajiya, mahaifiyarsa, ta ce za mu ɓata musu karatu, a bar mata su. Na rasa tudun dafawa.
Wata uwa, Mabera, Sakkwato

AMSA: Ɗiyata, ki tafi da 'ya'yanki. Amma tsoron Hajiya yana da tushe, domin babbar za ta dawo ne kai tsaye aji shida, shekarar jarrabawar shiga sakandare. Kafin ku tashi, ki je wurin shugaban makarantarsu ki karɓi tsarin darussan zango uku da littattafan, ku kuma yi magana a kan ajin da za su koma. A can, daga karin kumallo zuwa azahar ya zama lokacin karatunku na gida, lissafi da Turanci kullum. Abin da ke kashe karatun gida shi ne baƙo ya yi sallama, ko girki ya kama, a ce "sai gobe". Da la'asar ki tura su makarantar allo. Unguwanni irin su Aboabo da Asawase cike suke da masu jin Hausa, kuma yaro yana bukatar abokan wasa da malamin da ba uwarsa ba.

Batun daji kuwa, nan na fi goyon bayan maigidanki. Yaron Sakkwato ya san kuka da aduwa da gawo, ya san damina ɗaya mai wata huɗu. Kumasi damina biyu take yi a shekara, kuma akwai kurmin da za ka shiga da rana tsaka ka kasa ganin sama. Ki fara musu da goro. Babu ɗaurin aure ko suna a garin nan da ba a raba shi, amma yara nawa ne suka taɓa ganin bishiyarsa? Ki nemi manomi ya kai ku gonarsa, su ga yadda ake fasa kwanson a fitar da 'ya'yan, da yadda ake naɗe su cikin ganye don kada su bushe. A wurin ki ba su labarin fataken ƙasar Hausa da suke yin watanni a hanya da jakuna zuwa Gwanja da ke arewacin Gana ta yau, su kai kanwa da fatu da tufafi kasuwar Salaga, su dawo da huhunan goro. Ki sa babbar ta zana hanyar a taswira. Ni dai ban san darasin tarihin da zai zauna mata a kai kamar wannan ba.

Kusa da Kumasi akwai dajin Bobiri da ya yi suna wajen malam-buɗe-littafi iri-iri, da tafkin Bosomtwe, wanda wani dutse da ya faɗo daga sama ya haƙa raminsa tun zamanin da. In kun samu hutu mai tsawo, ku gangara Kakum kusa da Cape Coast, inda ake tafiya a kan gadar igiya a saman bishiyoyi. Autan ya tsaya a ƙasa tare da ke. Kowane yaro ya riƙe littafinsa, ya rubuta abin da ya gani a ranar, ki gyara masa washegari. In babu wannan rubutun, yawo kawai kuka yi.

Kada ku shiga daji sai da ɗan jagora na wurin, da takalmi rufaffe da dogon wando. Ku tafi da gidan sauro. Kowa ya yi allurar rigakafin shawara ya karɓi katinsa, domin ana tambayarsa wajen shiga. Fasfon Najeriya yana ba ku kwana 90 ba biza, amma zaman shekara sai da takardar izinin zama, don haka maigida ya tambayi wurin aikinsa tun yanzu.

Maganar Hajiya kuma ba taki ba ce, ɗanta ne zai zauna da ita. Ya nuna mata littattafan da takardar makaranta, ya yi mata alkawarin duk Juma'a jikokinta za su kira ta a waya su karanta mata allonsu da abin da suka rubuta. In wata uku suka wuce kika ga lissafin babbar yana ja da baya, ki sa ta makaranta a can, ki ci gaba da ƙananan a gida.